Senti 70 a Wata: Abin da Ƙungiyar Tabor Ta Gina a Mound Bayou

A watan Fabrairun 1942, a wani ƙaramin gari da ake kira Mound Bayou a jihar Misisipi ta Amurka, aka buɗe asibiti mai gadaje 42, da ɗakunan tiyata biyu, da na'urar ɗaukar hoton ƙashi, da wurin ajiyar jini, da ɗakin gwaje-gwaje. Likitocinsa da ma'aikatan jinyarsa baƙaƙen fata ne gaba ɗaya, haka ma masu kamfanin McKissack na birnin Nashville da suka zana ginin. Ba gwamnati ce ta gina shi ba, ba kuma wani hamshaƙin attajiri ba. Kuɗin da aka kashe, waɗanda suka haura dala 100,000, sun fito ne daga aljihun 'yan wata ƙungiyar 'yan'uwantaka mai suna Knights and Daughters of Tabor, wato Jarumai da 'Ya'ya Mata na Tabor, waɗanda akasarinsu masu tsinkar auduga ne a gonakin Turawa. A shekarar 1983 aka rufe asibitin. Masu tarihi a can har yau suna jayayya kan abin da ya kashe shi, ni kuwa ina ganin abin da ya raya shi na tsawon shekaru 25 a hannun ƙungiyar ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin shi ne abin da mu ma muke fama da rashinsa: talakawa su mallaki abin da ake yi musu hidima da shi, su kuma iya buɗe littafin kuɗinsa su duba.

Na san cewa mai karatu a Kano ko a Maraɗi, da zarar ya ji an ambaci ƙungiya irin ta Tabor, mai kalmar sirri da rantsuwa da gaisuwar hannu ta musamman, zuciyarsa za ta tafi ga ƙungiyoyin asiri, kuma yana da hujjarsa. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya haramta kafa ƙungiyar asiri ko shiga cikinta, jami'o'in ƙasar kuma sun ga jinin da irin waɗannan ƙungiyoyi suka zubar. Ba na kira ga kowa da ya ɗauki rantsuwar da addininsa bai yarda da ita ba. Sai dai adalci shi ne a duba abin da sirrin yake karewa. Akwai sirrin da ake yi domin a ɓoye ɓarna ga jama'a, akwai kuma wanda mutanen da ake zalunta suke yi domin su tattauna lamarinsu ba tare da kunnen mai gona ya ji ba. A Misisipi ta wancan zamani, inda baƙar fata kan rasa aikinsa, wani lokaci ma ransa, saboda kalma ɗaya da ya furta a bainar jama'a, ƙofar da ake rufewa da mai gadi a bakinta tana da amfanin da ba ya bukatar dogon bayani.

Shi garin kansa yana da tarihin da ya sa abin ya yiwu. A 1887 Isaiah Montgomery da ɗan'uwansa Benjamin Green, waɗanda aka haifa cikin bauta a gandun Joseph Davis, yayan shugaban jihohin kudu da suka yi tawaye a yaƙin basasar Amurka, suka jagoranci 'yantattun bayi zuwa wani daji mai fadama a gefen layin dogo, suka sare itatuwa, suka kafa gari na baƙaƙen fata zalla, mai magajin garinsa da makarantunsa da shagunansa. Charles Banks ya buɗe banki a can a 1904, aka kuma gina masana'antar matse man ƙwayar auduga wadda Booker T. Washington, fitaccen malami kuma jagoran baƙaƙen fata, ya halarci bikin buɗe ta a 1912. Bankin da masana'antar duka sun durƙushe cikin 'yan shekaru. Montgomery ma ba waliyyi ba ne: shi kaɗai ne baƙar fata a taron tsara kundin mulkin jihar na 1890, kuma ya goyi bayan sharuɗɗan da aka yi amfani da su wajen hana 'yan'uwansa jefa ƙuri'a har tsawon shekaru fiye da saba'in. Duk da haka garin ya tsaya da ƙafarsa, ya zama wuri ɗaya a yankin da baƙar fata zai iya ɗora tubali yana da yaƙinin cewa hukumar gari ba za ta tashe shi ba.

Ita kuwa ƙungiyar ta girmi garin. Moses Dickson, wanda aka haifa ɗa, ba bawa ba, a Cincinnati a 1824, ya yi aikin aski a jiragen ruwan kogin Misisipi, daga baya ya zama limamin coci, shi ne ya kafa ta a jihar Misuri a 1872. Ya ɗauko sunan daga Dutsen Tabor, inda Littafi Mai Tsarki ya ba da labarin Debora da Barak suka ci rundunar Sisera mai karusan ƙarfe. Reshen maza ana kiransa haikali, na mata alfarwa, na yara kuma tanti, kuma a Misisipi mata ne suka fi yawa, abin da sau da yawa ake mantawa idan ana maganar irin waɗannan ƙungiyoyi.

Abin da ya kamata a duba da kyau shi ne daren taro a reshen ƙauye, domin nan ne aikin yake. A irin waɗannan ƙungiyoyi akan haɗu a saman benen wani shago ko a cikin coci bayan an tashi daga gona. Mai tsaron ƙofa ba ya barin kowa ya shiga sai ya raɗa masa kalmar da ake amfani da ita a lokacin, kalmar kuma ana sauya ta lokaci-lokaci, ba a kuma ba da sabuwa sai ga wanda ya biya kuɗinsa, ta yadda sirrin ya zama rasit ga mutanen da da yawa daga cikinsu ba su iya karatu ba. Bayan addu'a sai magatakarda ya buɗe littafi ya kira suna ɗaya bayan ɗaya, kowa ya miƙa 'yan sulallansa a gaban idon kowa, a rubuta, ma'aji ya faɗi abin da ya shigo da abin da ya fita. Sannan 'yan kwamitin duba marasa lafiya su tashi su ba da rahoto: wance tana kwance tun makon jiya, mun je mun gan ta; wane ya ce ba shi da lafiya, amma an gan shi a kasuwa. Ziyarar tana da fuska biyu, zumunci ce kuma bincike ne, shi ya sa cuta ta yi wuya a tsakanin mutanen da suka san gidajen juna. Mutumin da ya yi mako guda Bature yana kiransa yaro, ko da furfura ta cika masa kai, a wannan daren ana kiransa da laƙabin girma, ana sauraron ra'ayinsa, ana ƙirga ƙuri'arsa, a jihar da ta hana shi ƙuri'a. A nan ne manoma suka koyi yadda ake gabatar da ƙuduri, da yadda ake rubuta bayanin taro, da yadda ake tambayar ma'aji ina kuɗi suka shiga.

Da farko babban abin da ake tarawa dominsa shi ne jana'iza. Wannan zai iya ba Bahaushe mamaki, tunda mu likkafani da makara da haƙa kabari abu ne da unguwa ke ɗauke wa mamaci cikin sa'o'i, amma a Amurka akwatin gawa da filin kabari kuɗi ne masu nauyi, kuma babu abin da tsohon bawa ke tsoro kamar hukuma ta binne shi a ramin matalauta babu suna. Perry M. Smith, shugaban ƙungiyar a Misisipi, shi ne ya dage kan cewa mutanen da suka iya tara kuɗin binne juna za su iya tara na jinyar juna. Yana da misali a kusa, domin wata ƙungiyar 'yan'uwantaka ta riga ta buɗe asibiti a Yazoo City tun 1928. Aka ɗora wa kowane ɗan ƙungiya wani kaso na shekara, Smith kuma ya bi gonaki yana karɓar abin da ya samu daga manoman da ke noma gonar wani a raba amfani, waɗanda yawanci sukan ƙare shekara da bashin mai gona a wuyansu.

Sharaɗin da aka gindaya a 1942 shi ne dala 8 da senti 40 a shekara, wato senti 70 ke nan a wata, wanda ya ba babban mutum damar kwanciya a asibiti har kwana 31, da tiyata ƙarama ko babba. Cikin 'yan shekaru 'yan ƙungiyar a jihar suka kusa 50,000. Dalilin wannan tururuwa ba ɓoyayye ba ne. Asibitocin Turawa, idan ma sun karɓi baƙar fata, sukan kwantar da shi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko a wani ɓangare na daban, likita baƙar fata kuma ba shi da izinin bin majinyacinsa ciki. Fannie Lou Hamer, manomiyar Ruleville da ta zama jigo a gwagwarmayar neman 'yancin ƙuri'a, an kwantar da ita a 1961 domin a cire mata ƙari, sai likita Bature ya cire mata mahaifa ba tare da saninta ba. Wanda ya san irin wannan na faruwa ba ya bukatar a lallashe shi ya biya senti 70. Daga 1947 kuma kwalejin likitanci ta Meharry da ke Nashville, ɗaya daga cikin biyu kacal na baƙaƙen fata da suka tsira bayan gyaran makarantun likita da ya biyo bayan rahoton Flexner na 1910, ta fara turo ɗalibai da likitocin da ke neman ƙwarewa, ƙarƙashin jagorancin Dakta Matthew Walker. Asibitin ya samu hannaye masu araha, su kuma suka samu wurin koyon tiyata da asibitocin Turawa suka hana su.

Ba a rasa rigima ba. Babban likitan tiyata na farko, Dakta T. R. M. Howard, mutum ne mai hazaƙa da son girma, ya nemi kujerar Smith, aka yi baram-baram a 1947, ya fice da magoya bayansa ya kafa wata ƙungiyar, ya kuma buɗe nasa asibitin a tsallaken titi. Ƙaramin gari ya wayi gari da asibitoci biyu masu neman majinyata ɗaya, kuma ina ganin wannan rabuwa ta rage wa kowannensu ƙarfin da zai bukata daga baya. Amma Howard ɗin nan, wanda ƙungiyar Tabor ce ta kawo shi garin, shi ne ya kafa majalisar shugabannin baƙaƙen fata ta yankin a 1951, wadda ta shirya ƙaurace wa gidajen man da ke hana baƙar fata shiga ban-ɗaki, ta kuma riƙa tara dubban mutane a Mound Bayou, har fitaccen lauya mai kare haƙƙin baƙaƙen fata, Thurgood Marshall, ya yi musu jawabi a 1954. Medgar Evers, wanda daga baya ya zama jagoran gwagwarmayar baƙaƙen fata a jihar, ya fara sanin ƙauyukan yankin ne yana sayar da inshorar kamfanin Howard. A 1955, lokacin shari'ar Turawan da suka kashe wani yaro baƙar fata mai suna Emmett Till, a gidan Howard mahaifiyar yaron ta sauka, a nan kuma aka ba shaidu mafaka. Likitan da albashinsa ke fitowa daga sulallan manoma, ba daga hukumar gunduma ba, yana iya buɗe baki inda malamin makarantar gwamnati ba zai iya ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

To, me ya kashe asibitin? Akwai masu cewa gwamnati ce: ta zo da dokoki masu tsauri kan gini da kayan aiki, ta zo da tallafin da ya sa mutane suka daina ganin amfanin biyan kuɗin ƙungiya, sannan a 1967 hukumar yaƙi da talauci ta tarayya ta sa kuɗi aka haɗe asibitocin biyu suka zama na al'umma, ƙungiyar ta saki linzami. Akwai gaskiya a cikin wannan, amma masu faɗar haka sukan tsallake abin da ya faru a gona. A 1944 aka girbe auduga da inji tun daga shuka har tsinka a gandun Hopson kusa da Clarksdale, kuma cikin shekaru ashirin injin ya maye gurbin hannu a yankin. Da aka shigar da ma'aikatan gona cikin dokar mafi ƙarancin albashi a 1967, masu gonaki suka sallami sauran da suka rage. Dubban iyalai suka hau jirgin ƙasa zuwa Shikago, matasa ne kuma suka fi tafiya, aka bar ƙungiyar da tsofaffi, waɗanda jinyarsu ta fi tsada, aljihunsu kuma ya fi zama wayam. Babu asusun taimakon juna da zai jure wa wannan, ko gwamnati ta zo ko ba ta zo ba. A lokaci guda aikin likita kansa ya yi tsadar da sulallan wata-wata ba za su iya ɗauka ba. Bayan dokar 'yancin jama'a ta 1964 da shirin inshorar lafiyar tsofaffi na gwamnati, Medicare, da ya fara aiki a 1966, wanda ya hana kuɗi ga duk asibitin da ke ware majinyata, ƙofofin da ke rufe suka buɗe, mutane kuma suka tafi inda kayan aiki suka fi yawa. Wanda ke kukan rasa asibitin Tabor ba tare da ya yi murna da buɗewar waɗannan ƙofofi ba, to yana kewar wariya ne bai sani ba.

Haka kuma bai kamata a manta da waɗanda ƙungiyar ba ta taɓa kaiwa gare su ba. Senti 70 kuɗi ne ƙalilan ga wanda yake da su. Lokacin da Dakta Jack Geiger na jami'ar Tufts ya buɗe cibiyar lafiya a wannan garin a 1967 da kuɗin tarayya, ya tarar da yara masu tamowa a gidajen da ba su da ruwa mai tsabta, har likitocin cibiyar suka riƙa rubuta abinci a takardar magani, a karɓa a shago, cibiyar ta biya. Wannan yana faruwa ne bayan asibitin ƙungiyar ya yi shekaru 25 yana aiki. Saboda haka ban yarda da masu cewa a bar talakawa su ji da kansu ba, domin irin wannan magana ta fi daɗi a bakin wanda ba ya son biyan haraji.

Inda nake ganin darasin yake shi ne a tsarin da cibiyar Geiger ta ɗauka. John Hatch, wanda ya shirya mata jama'a, bai tsaya ga manyan gari ba. Ya bi ƙauyuka ya kafa ƙananan ƙungiyoyin lafiya bisa salon da mutanen suka saba da shi a coci-cocinsu, kowace ta tura wakili zuwa majalisar da daga baya ta karɓi ragamar cibiyar. Mutanen da suka yi shekaru suna kiran suna da karanta rahoton ma'aji ba su bukaci a koya musu zaman majalisa ba. Daga baya dokar Amurka ta wajabta cewa mafi rinjayen 'yan hukumar gudanarwar irin waɗannan cibiyoyi su kasance majinyatan da ke zuwa wurin. Cibiyar tana aiki har yau a garin da mazaunansa ba su kai 2,000 ba. Ba na cewa wannan tsari kaɗai ne ya raya ta, tunda cibiyar duba marasa lafiya ba ta cin kuɗi kamar asibitin kwanciya da tiyata. Abin da nake cewa shi ne an iya haɗa abubuwa biyu da ake yawan ɗauka kishiyoyin juna ne: kuɗi daga baitulmali, iko kuma a hannun masu amfani da wurin.

Mu a nan mun riƙe rabi mun saki rabi. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci suke fita kai tsaye, kuma dokar 2022 da ta wajabta inshorar lafiya ga kowa ta fi sauƙin aiki a kan ma'aikacin da ake cire masa daga albashi. Mai facin taya da mai sayar da ƙosai ba su da albashin da za a cire, amma ba su rasa al'adar zubi ba. Matar da ba ta taɓa saɓa ranar adashi ba ita ce ke ɗari-ɗari da biyan hukumar da ba ta san fuskar ma'ajinta ba, kuma ban ga laifinta ba. A Nijar, ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da aka fara a yankin Maraɗi a 1991 sun nuna cewa matan karkara suna iya riƙe asusu na shekaru, a buɗe akwati a gaban kowa, a ƙirga a gaban kowa. Abin da irin waɗannan asusai ba za su iya ba shi ne sayen na'urar tiyata ko biyan albashin likita, kamar yadda sulallan Tabor suka gaza a ƙarshe.

Don haka idan hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi, irin wadda Kano ta kafa, suna son su kai ga waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba, ina ganin hanyar ita ce su bi ta ƙungiyoyin da suke nan tun tuni, na mahauta da teloli da direbobin Adaidaita Sahu da matan adashi, su bar su su tara kuɗin 'ya'yansu da kansu, gwamnati ta ɗora nata kason a kai, ta kuma biya wa waɗanda ba su da hali gaba ɗaya. Sannan a ba waɗannan ƙungiyoyi mafi rinjayen kujeru a kwamitin asibitin unguwar da kuɗin ke zuwa, da ikon ganin lissafin magunguna duk wata, da ikon janye 'ya'yansu zuwa wani asibitin idan wanda suke biya ya ci gaba da tura su kemis su sayo abin da suka riga suka biya.